"Bashi hanji ne, yana cikin kowa": a bakin wa ta dace?

Baban Sadiya: Jama'a a warware mini. A layinmu akwai wani tsohon kanti da yanzu ya koma wurin POS. Mai shi, Allah ya jiƙansa, in magidanci ya zo yana sunkuyar da kai zai karɓi sukari ko kananzir bashi, sai ya ce masa "bashi hanji ne, yana cikin kowa", ya jawo littafi ya rubuta. Jiya kuma na ji wani ya jefa wa mai binsa kuɗi wannan maganar cikin gatse. To ta wane ce?

Hajiya 'Yar Fagge: Ta mai bayarwa ce, Malam. Rarrashi ce, don kada mai karɓa ya ji kunya. Mu da muka tashi ana aikenmu da kwano, mun san haka. Ka je ka ce "Baba, in ji Innata a ba da gwangwanin shinkafa biyu da magi, a rubuta." Ba ya tambayar yaushe za a biya. Ya san ranar albashin maigidan, ya san gidan da aka yi haihuwa. Har Tom Tom yake ɗora maka gyara.

Ɗan Mai Kanti: Hajiya, ku yi haƙuri, ku daɗin kuka sani. Ni na tashi a bayan kanta. Littafin nan da kuke yabo shi ya durƙusar da shagon mahaifinmu. Da ya rasu mun tarar da shafuka cike da sunaye, wasu sun tashi daga unguwa, wasu in ka je sai su karanto maka wannan karin maganar. Mahaifiyarmu ta ce a yafe, aka yafe, jari kuwa ya tafi. Ni a wurina maganar mafakar macuta ce.

Malam Na Zariya: Allah ya jiƙan Baba. Amma ɗana, ka duba kalmar "kowa". Shi mai kantin ma yana ciki. Da yawansu a kasuwar Singa ta Kano suke ɗaukar kwalin madara da Omo bashi a hannun dila, sai sun sayar su kai balas. In ya faɗe ta, kansa yake sakawa a layi. Kuma hanji ai ba a fito da shi waje, wato asiri ne a rufe. Wanda ya ci ya hana kuma yake faɗinta, wannan ya ari rigar da ba tasa ba.

Ummi: Ni fassarar hanjin ce ban yarda da ita ba, Malam. Ana nufin babu wanda ba shi da shi, shi ke nan. Batun rufin asiri ƙarinku ne.

Hajiya 'Yar Fagge: Ƙari ko ba ƙari ba, lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 wa ya riƙe mutane? Taransifa ta ƙi tafiya, layi a banki, ƙaramin shagon lungu ne ya rinƙa ba da taliya a rubuta. Manyan kantunan nan masu na'ura ko naira goma ta gaza sai ka ajiye kayan.

Ɗan Mai Kanti: Gaskiya ne. Sai dai ku tambayi mai shagon nawa aka dawo masa da su.

Baban Sadiya: Zan tambayi na layinmu in na je biyan na biredi.