Ƙanena ya faɗi da moto, kafaɗa ta sauka: likita ko mai ɗori?

Abdu: Salamu alaikum ƴan zaure. Ƙanena ɗan kabu-kabu ne nan Tawa, shekararsa 19. Yau da hantsi ya faɗi da moto a kan kafaɗar dama. Ga shi zaune ya tallabe gwiwar hannu, ya hana kowa taɓawa. Inna ta ce a kira mai ɗori. Mi kuka gani?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba. Inna tana da gaskiyarta, da ɗori muka tashi, amma ni dai a fara ɗaukar radiyo, wato hoton ƙashi.

Majo Sani: Abdu, cire masa riga a hankali ka duba mini. In ƙashin nan da ke tsakanin wuya da kafaɗa ne ya karye, za ka ga kumburi ko tudu a kansa, galibi a tsakiya, don nan ya fi karyewa. In kuma gocewa ce, kafaɗar ta rasa kewayenta, ta yi kusurwa, ƙasan ta ya loɓa, kuma ba zai iya kai hannun kan ɗaya kafaɗar ba. Taɓa yatsunsa: da ɗumi? Shafa gefen damtsen daga sama, yana ji? Numfashi fa?

Abdu: Majo, yatsu da ɗumi, numfashi lafiya. Ƙashin babu tudu. Kafaɗar ce ta loɓa, kuma ya ce gefen kamar ba nasa ba.

Majo Sani: To, ya yi kama da gocewa, kuma jijiyar da ke wucewa wurin ta matsu. Don Allah kar kowa ya ja hannun. Sau da yawa gocewa na zuwa da tsagewar kan ƙashi, ido ba ya ganin ta, sai radiyo. Rataye hannun a wuya da kallabi, ku tafi babbar likita ta Tawa yanzu. Kar ya ci, kar ya sha, wataƙila a yi masa allurar barci kafin a mayar.

Malam Idi: Ku ji maganar Majo. Ni a kokowa tawa ta goce, aka taka mini hammata aka ja, aka shafa man shanu. Ashe ba ta shiga ba. Sai bayan wata guda na je Yamai, suka ce ta daɗe a waje, nama ya cike gurbin, sai aiki. Har yau ba na iya ɗora buhu a ka, in na tuna raina ɓaci yake.

Maman Fati: Ni ɗiyata ƙashin nan na tsakanin wuya da kafaɗa ne ya karye, ta faɗo daga amalanke tana shekara 7. Ko filasta ba a sa ba, rataya kawai da parasetamol, sati 4 ta koma wasa. Wani ƙulli ya fito a wurin na tsorata, aka ce ƙashi ne ke haɗewa.

Majo Sani: Haka ne Maman Fati, na yara sati 3 zuwa 6, babba kuwa yakan kai 12. Ana aiki ne in ƙashi ya huda fata ko yana shirin hudawa, ko ya hau juna sosai. Abdu, bayan an mayar akwai sauran aiki: a shekarunsa kafaɗa ta fi saurin sake gocewa. Ya je wurin masu kine, wato masu gashi da motsa gaɓoɓi a likita, ya haƙura da moto har likita ya sallame shi.

Hajiya Rabi: In aka ce aiki, ku tuna da likitar Galmi, ta fi muku Yamai kusa.

Abdu: Mun samu mota, Inna ma ta shigo. Majo, kallabin ta bayan wuya zan ɗaure, tafin hannun ya ɗan fi gwiwa tsawo?

Majo Sani: In ya yarda. In ya yi masa zafi, bar shi yadda ya tallabe, sa masa matashi a ƙarƙashi.