Ƙarar salansa a Damagaram: ko dokar baburan ƙanƙara da kwale-kwale ta Kanada za ta yi mana amfani?

Uwar gida daga Garin Malam ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san doka ko aikin injina. Wasu samari a unguwarmu sun ɗauki ɗabi'ar fasa salansar baburansu, kuma daga bayan sallar isha'i har dare ya raba suna zirga-zirga a layinmu, ga shi ina tare da mahaifiyata, tsohuwa ce mai hawan jini, da zarar ƙarar ta farkar da ita barci ya ƙare ke nan sai asuba. Wani ɗan'uwanmu da ya yi karatu a waje ya shaida mini cewa a Kanada da Amurka hatta baburan da ake hawa bisa dusar ƙanƙara da kwale-kwalen shaƙatawa an ƙayyade musu ƙarar da ba za su wuce ba. Ta yaya ake auna ƙara har hukuma ta ce wannan ta halatta, waccan kuma laifi ce? Kuma shin irin wannan tsari zai yiwu a garinmu?

Ɗan Damagaram mazaunin Kebek ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba Inna lafiya. Abin da ɗan'uwanku ya faɗa gaskiya ne, kuma Kebek, lardin Kanada da nake zaune, nan ne Joseph-Armand Bombardier ya fara sayar da baburin ƙanƙara mai suna Ski-Doo a shekarar 1959, saboda haka rigimar ƙarar ta daɗe a wajen mutanen nan.

Ana auna ƙara da wata ƙaramar na'ura da ake riƙewa a hannu, ma'aunin kuma sunansa desibel. Sai dai lambar kaɗai ba ta da amfani idan ba a faɗi tazarar da aka tsaya da kuma yanayin da injin yake ciki ba, shi ya sa dokokinsu suke fayyace waɗannan abubuwa. Tun daga 1975, ƙa'idar da masu ƙera baburan ƙanƙara suke bi ita ce kada ƙarar sabon babur ta haura desibel 78 idan aka auna daga nisan mita 15 yana wucewa a guje da cikakken mai. Da yake jami'i ba zai iya shirya irin wannan gwaji a cikin daji ba, sai aka ɓullo da gwajin tsaye: a tsayar da baburin, a murɗa mai zuwa wani adadin juyin inji da aka ƙayyade, a auna daga mita 4, kuma wasu jihohin Amurka sun sa iyakar a desibel 88.

A ɓangaren ruwa, dokar ƙananan jirage ta Kanada ta wajabta wa kwale-kwale mai inji ya kasance da salansa mai aiki muddin yana cikin mil 5 na teku daga gaɓa, wato kilomita 9 da ɗoriya. Yawancin injinan suna fitar da hayaƙinsu ta ƙarƙashin ruwa, ruwan yana shanye ƙarar, amma masu son burgewa sukan sa wani makunni da ke karkatar da hayaƙin ya fita kai tsaye ta jikin kwale-kwalen. Jihohin Amurka da dama suna auna ƙarar daga bakin gaɓa, inda mutane suke zaune, iyakar kuma desibel 75. Dalilin tsanantawar shi ne ƙara tana yin nisa a kan tafki fiye da kan tudu, domin babu gini ko itace da zai tare ta, kuma sanyin iskar da ke saman ruwa yana lanƙwaso ta ƙasa.

Abin da ya fi dacewa da tambayarki, Hajiya, shi ne hukuncin da wata kotun Kebek ta yanke a 2004, inda ta ba da umarnin a biya diyya ga mazauna gefen hanyar baburan ƙanƙara ta Petit Train du Nord saboda ƙarar da ta hana su barci shekara da shekaru. Kotun ta ɗauki hana maƙwabci barci a matsayin cutarwa da ake biyan diyya a kanta.

Bakanike a Zango ya amsa:

Hajiya, ni nake karɓar waɗannan babura a gareji, kuma ina so samarin su ji wannan daga bakin mai sana'a. A cikin salansa akwai ƙananan faifan ƙarfe da bututu mai huji-huji waɗanda ke karya ƙarfin hayaƙi kafin ya fito. Yaro yakan zo ya ce a zare masa su, ko a yanke gindin salansar a like wani bututu, wai don baburin ya ƙara gudu. Ba ya ƙarawa yadda suke zato. An daidaita kabureta ne da salansar da kamfani ya sa, to idan aka buɗe hanyar hayaƙi ba a sake daidaita mai ba, iska takan rinjayi mai, injin ya riƙa zafi fiye da ƙima. Idan na kwance buji na irin wannan babur sai in tarar da kansa ya yi fari fat maimakon ruwan ƙasa, wuyan salansar kusa da inji ya koma shuɗi, daga nan kuma sai bawul ya fara ƙonewa. Ni na daina yin wannan aiki, amma yaron yana fita daga wurina zai sami mai walda da zai yi masa, saboda haka duk matakin da za a ɗauka, idan bai haɗa da mu masu gyara ba, ba zai je ko'ina ba.

Mai kabu-kabu a tashar Kasuwar Dole ya amsa:

Ina roƙon kada a yi mana kuɗin goro. Akwai wanda ya fasa salansarsa da gangan don a ji wucewarsa, akwai kuma magidanci wanda tsatsa da ramukan hanya suka huda tasa, abin da yake samu a wuni kuma bai wuce na cefane da na mai babur ba. Idan aka ce a kama duk babur mai ƙara, mu da muke kan titi tun safe mu za a fara kamawa, masu yawon dare kuwa ba za a gan su ba. Ina goyon bayan a yi doka, amma a ba wanda tasa ta lalace wa'adin gyara kafin a ci shi tara.

Malamin kimiyya a Birni ya amsa:

Maganar mai kabu-kabu tana kan hanya, kuma a nan ne amfanin awo yake, domin idan babu lamba, hukunci ya koma ga kunnen jami'i da ganin damarsa. Ya kamata a fahimci cewa desibel ba ya hawa kamar kilo a kan sikeli: ƙarin desibel 3 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka, ƙarin 10 kuma kunne yana jin sa kamar ƙarar ta ninka biyu. Masana lafiyar ma'aikata sun sa desibel 85 na tsawon awa 8 a matsayin iyakar da ji ke fara lalacewa bayanta, don haka mai baburin da yake zaune a kan ƙarar kullum shi ne farkon wanda zai kurumce. A jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 domin nahiyar Turai, ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙarar ababen hawa da dare ya wuce desibel 45, saboda katsewar barci tana da alaƙa da hawan jini da ciwon zuciya.

Ba a ce Nijar ba ta da doka ba. Dokar kula da muhalli mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamba 1998 ta hana fitar da ƙarar da ke cutar da lafiya ko ta takura wa maƙwabta. Abin da na ga ya dace a aro daga Kanada da Amurka shi ne gwajin tsaye, tunda ba ya buƙatar komai sai na'ura ɗaya da igiyar awo, tare da haramta taɓa salansa, wanda shi ido ma yana iya tabbatarwa. Kafin hukumar birni ta kai ga haka, Hajiya, ina ba ki shawara ku haɗu da maƙwabtan da abin ya dama, ku rubuta lokutan da ƙarar ke tashi na tsawon mako guda, ku kai wa mai unguwa domin ya kira iyayen samarin, idan kuma ba a ga canji ba, ku miƙa takardar ga ofishin magajin gari da sa hannunku duka.