Neman shawara: Vespar marigayi Baba, mu sayar ko mu riƙe?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Baba, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Vespa a gidanmu da ke Hindawiyya a nan Jidda. Ta daɗe a ƙarƙashin bene an rufe ta da tamfol, tayoyi sun sace, kujera ta tsage. Ƙanena ya ɗauki hotonta ya sa a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, don wasa kawai, sai ga kira ba ƙaƙƙautawa. Wani ya taya riyal 6,000, da na yi shiru ya ƙara zuwa 9,000, wai a yau zai turo mota ta ɗauka. Gaggawarsa ce ta sa na tsargu. Ni na so in kai ta warsha, wato gareji, a yi mata fenti tukuna ko ta ƙara daraja. Hajiya mahaifiyarmu kuma ba ta son a fitar da ita daga gidan. Me kuke gani?

Makanikin dabbab (babur), Makka: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, don Allah kada ka kusance ta da fenti. Masu tara tsofaffin babura fentin kamfani suke nema ko da ya koɗe, sabon fenti kuwa zargi yake jawowa, a ce an ɓoye tsatsa. Ka cire murfin gefe ka karanta lambar jiki. In ta fara da VLX, samfurin PX 150 ce. In VSX ce, mai 200 ce, kuma ita aka fi nema. A 1977 Piaggio, kamfanin da ke ƙera Vespa, ya fito da PX, daga baya dokokin hayaƙi na Turai suka sa aka daina ƙera ta, shi ya sa kuɗinta ke hawa. Amma ka tabbatar ta Italiya ce, domin LML da Bajaj na Indiya sun yi masu kama da ita, kuma farashinsu ba ɗaya ba.

Sannan ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin inda ake ɗora ƙafa. Jikin Vespa gaba ɗaya ƙarfe ne, shi ne kuma ƙashin bayanta, ga iskar Jidda mai gishiri. In can ya rube, 9,000 ɗin nan ka karɓa da hannu biyu. Kada kuma ka buga mata kik da tsohon man da ke tanki.

Wani daga Riyad: Yanzu fa masu gidajen gahawa ke sayen irinsu su ajiye a bakin ƙofa don ado. Ba ruwansu da ko tana tashi.

Dattijo daga Sharar Mansur, Makka: Yaro, duk kun tsallake babbar magana. Wannan ba kayanka ba ne kai kaɗai, gado ne. Mahaifiyarku tana da sumuni a ciki, 'yan uwanka mata suna da rabonsu. Kun fitar da takardar hasrul warasa, wato ta tantance magada, a kotu? Ina istimara (takardar rajistar babur ɗin), ina lauha (lambarsa)? Babur mai takardu da marar takardu ba kuɗinsu ɗaya ba, kuma Murur, wato 'yan sandan hanya, ba za su sauya suna ba alhali mai shi ya rasu, sai da takardun magada. In kai kake sonta, a yi mata kuɗi a gaban kowa, ka biya sauran haƙƙinsu.

'Yar uwa daga Madina: Ni dai ku ji ta bakin Hajiya. Ba ƙarfen take kallo ba. Watanni kaɗan ba za su karya farashin abin da aka daina ƙerawa ba.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na duba, VSX ce, ƙasan ma da sauƙi, tsatsa kaɗan ce a gefen birki. Istimara tana cikin jakar Baba amma ta daɗe da ƙarewa. Na sa ƙanena ya sauke tallan. Baba na Sharar Mansur, yayarmu ɗaya tana aure a Kano, wakilci za ta aiko ko dole sai ta zo?