Tambaya: Ƙwari masu farauta za su iya tsare mini tumatir a rumfar leda?

Manomin Kadawa:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa manoma da masana. Ina da rumfar leda guda biyu, ɗaya ta tumatir, ɗaya ta tattasai, kuma tun annobar Sharon (tsutsar nan mai cin ganyen tumatir) ta 2016, wadda ta sa gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, hannuna bai rabu da famfon feshi ba. A bana har sau biyu a mako muke yi, amma tsutsar tana nan cikin ganye tana cin karenta babu babbaka, farin ƙuda kuma sai ƙaruwa yake. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaran da ke yi mini aiki suna fitowa da ciwon kai, domin rumfar a rufe take. Na ji ana cewa a Turai ana sakin wasu ƙwari su cinye masu ɓarnar. Gaskiya ne? Idan gaskiya ne, za su jure zafinmu?

Malamar Gona:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Gaskiya ne, kuma ba sabon abu ba ne. Babban misali shi ne Almeriya da ke kudancin Sifaniya, inda rumfunan leda suka haura hekta 30,000. A ƙarshen 2006 aka gano ragowar wani haramtaccen maganin ƙwari a tattasansu a kasuwannin Jamus, masu saye suka ja baya, sai manoman suka koma sakin ƙwari masu farauta gadan-gadan daga 2007, kuma cikin 'yan shekaru mafi yawan tattasan yankin da wannan hanya ake tsare shi.

Sai dai kowane amfani da nasa mafaraucin. A tattasai ana sakin wani ɗan baƙin ƙwaro mai suna Orius laevigatus, wanda ke tsotse ƙananan ƙwarin nan da ke ɓuya cikin fure suna ɗauko cuta, kuma idan bai sami abin farauta ba yakan rayu da garin furen, shi ya sa ake sakinsa da zarar fure ya buɗe. Tare da shi ake saka Amblyseius swirskii, mai cin ƙwan farin ƙuda. Amma duka biyun ba sa zama a jikin tumatir, saboda gashin nan mai danƙo da ke jikin kara yana kama su. Na tumatir shi ne Nesidiocoris tenuis, wani siririn koren ƙwaro da ke cin ƙwan Sharon da ƙananan tsutsotsinta, ya kuma haɗa da farin ƙuda. Shi ne ya fi dacewa da tambayarka ta biyu, domin ɗan ƙasar zafi ne, ana samunsa da kansa a gonakin tumatir na Afirka ta Yamma, saɓanin ɗan'uwansa Macrolophus da manoman Holan suka fi amfani da shi.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne lokaci. Ba a kiran waɗannan ƙwari bayan gobara ta kama. A Almeriya tun a wurin renon iri ake sakin koren ƙwaron nan na tumatir, kwanaki kaɗan kafin dashe, kamar ƙwaro ɗaya ga tsiro biyu, ana ciyar da shi da ƙwan wani malam-buɗe-littafi, don ya saka ƙwansa a jikin tsiron, a dasa su tare. Kafin Sharon ta iso, rundunar tana nan tana jira.

Mai Tattasan Zariya:

Malama ta faɗi gaskiya, amma ya kamata Alhaji ya ji ɗaya gefen, domin ni na gani da idona. Wannan koren ƙwaro ba nama kaɗai yake ci ba. Idan ya yi yawa, abin farauta kuma ya ƙare, sai ya juya kan tumatirin, ya riƙa tsotsar kan tsiro. Za ka ga wani zobe mai ruwan ƙasa ya zagaye kara, wurin ya yi rauni, fure ya fara zuba. Shekarar da na rage feshi ya shigo mini da kansa, na yi murna da raguwar tsutsa, ban ankara ba sai da na rasa fure mai yawa. Saboda haka wanda ba zai iya zagaya rumfarsa duk mako yana duba kan tsiro ba, ban ba shi shawarar ya fara ba.

Malamar Gona:

Haka ne, Malam, kuma na gode da ka kawo wannan. Akwai abin da ke rage matsalar, wanda muke da shi a ƙofar gida, wato riɗi. Ƙwaron yana son riɗi ƙwarai, yana hayayyafa a jikinsa, don haka idan an shuka shi a bakin layuka, yakan zama masa masauki da abinci, ya sassauta wa tumatirin.

Manomin Kadawa:

Allah ya saka muku da alheri. To, a ina zan samo su, kuma zan iya ci gaba da feshi kaɗan-kaɗan don kada in yi biyu babu?

Malamar Gona:

Alhaji, a nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Magunguna irin su cypermethrin da lambda-cyhalothrin suna kashe mafarautan kafin su taɓa tsutsar da ke ɓoye cikin ganye, kuma dafinsu yakan daɗe makonni a jikin shuka, wataƙila ma shi ne dalilin ƙaruwar farin ƙudan da kake gani. Wanda za ka iya haɗawa da mafarautan shi ne maganin Bt (wanda ake yi da wata ƙwayar bakteriya mai kashe tsutsa), da tarkon ƙamshi mai jawo mazan Sharon, da raga mai ƙananan idanu a ƙofa da tagogi.

Game da samu, akwai kamfanoni irin su Koppert na Holan da Dudutech na Kenya, amma shigo da halitta mai rai yana buƙatar izinin NAQS, hukumar da ke tantance kayan gona da ake shigowa da su Nijeriya, kuma ƙwarin ba sa jure doguwar tafiya cikin zafi. Shawarata ita ce ka fara da rumfa ɗaya a dashe mai zuwa: ka share ta tas, ka bar ta a rufe rana ta gasa ta, ka shuka riɗi tun da wuri, sannan ka nemi jami'in gona ya taya ka duba tumatirin maƙwabta da ba a cika yi wa feshi ba, domin da wuya a rasa koren ƙwaron a can.