An ce ina da ciwon hanta nau'in B, in sayi na jarka ko in koma asibiti?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'a. Ranar Talata na je ba ƙanwar matata jini, za a yi mata aiki. Aka ɗebi kaɗan aka gwada, sai mai gwajin ya ja ni gefe ya ce nawa ba zai yiwu ba, akwai ciwon hanta nau'in B. Ni kuwa lafiyata ƙalau, ban taɓa shawara ba, rabona da ko zazzaɓi tun damina. Tun ranar maman Ummi ta ware mini kwano da kofi, ga ta da ciki wata bakwai. Jiya maƙwabcin shagona ya kai ni wurin wani mai magani, ya ce jarka biyu dubu talatin, bayan wata guda a sake gwaji ba za a ga komai ba. In saya? Kuma abin da ke cikin nan fa?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam. Baban Ummi, riƙe kuɗinka tukuna. Gwajin da aka yi maka ya nuna ƙwayar tana jininka ne kawai, bai faɗi yawanta ba, bai faɗi halin da hantar take ciki ba. Ka je wurin likitan hanta a yi maka awon yawan ƙwayar, da na aikin hanta, da hoton ciki. Za su haɗa da gwajin HIV, kada ranka ya ɓaci, dalili shi ne maganin da ake bayarwa yana cikin magungunan waccan cutar ma, dole a san matsayinka kafin a fara. Kuma ba kowa ake ɗorawa a kan magani ba, wani bibiya kawai ake yi.

Abin gaggawa ma madam ce. A gwada ta a wurin awo cikin satin nan. Idan ba ta da shi, allurar rigakafi uku ce: yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. Jariri kuma a yi masa ta farko cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida ta haihu. Babba idan ya kamu yawanci jikinsa kan kore ta, amma jariri, tara cikin goma tana zama musu har girma. Kwano da kofi kuwa ta mayar, ba ta nan ake ɗauka ba. Reza, buroshi da abin yankan farce za ka ware.

Ɗan Tasha:
To amma Anti, yayana ya sha na gargajiya, aka sake gwaji aka ce babu. Da idona na ga takardar.

Anti Nas:
Ina jin sabon kamu ne, ɗan'uwa. Irin wannan yawanci cikin wata shida yake tafiya da kansa, sai jarka ta kwashi yabo.

Malam Na Gusau:
Shekarata biyar ina shan tenofovir, maganin asibiti na wannan ciwon, ƙwaya ɗaya bayan sallar isha'i. Nawa ina kyautata zaton askar wanzami ce tun muna yara, don mu uku a gidanmu aka samu. Gaskiya maganin ba ya kashe ƙwayar cutar gaba ɗaya, danne ta yake yi. Nau'in C ne ake warkewa da sati 12 na magani, masu jarka da wannan suke ruɗa mutane. Kuskuren da na yi, na taɓa dainawa wata biyu da na ji garau, idona ya koma ruwan ɗorawa, na kwana tara a gadon asibiti. Yanzu duk wata shida nake hoto. Ka kuma guji gyaɗa da masarar da suka yi funfuna, likitana ya fi yi mini faɗa a kan wannan.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa maman Ummi, ta ce Alhamis ne awonta, tare za mu tafi. Malam, awon yawan ƙwayar nan nawa ka biya a wajenku? Dubu talatin ɗin za ta isa?