Yaya zan koya wa yara fitarwar dole a besbol?

SabonKoci: Salamu alaikum malamai. Yarana 'yan shekara 9 ne. Da sun tsinci ƙwallo sai su bi mai gudu, maimakon su taka bes, wato ɗaya daga wuraren tsayawar masu gudu a fili. Ina mafita?

KocinYara: Wa alaikumus salam. Matsalar ta fahimta ce, ɗan'uwa. Ka nuna musu cewa dole tana hawa kan mai gudu ne, wato tilas ya gudu zuwa bes na gaba, idan duk bes ɗin da ke bayansa akwai mutum; a nan taka bes ɗin da ya nufa da ƙwallo a hannu kafin ya iso ya isa a fitar da shi. Kafin kowace jifa ka tambaye su: ina za a kai ƙwallo? Su amsa da ƙarfi. Ka riƙa sauya wuraren masu gudu, kana gangaro musu ƙwallo a ƙasa.

MaiSafa: Malam, a kula da ƙafa. Mai karɓa ya taka gefen bes da ƙafar ɓangaren hannun jifa, kada ya miƙe sai ya ga inda ƙwallo ta nufa. Wanda ya riga ta miƙewa ba ya iya gyara tsayuwa idan ta karkace. In tazarar taku uku ce, a jefa ta ƙasan hannu, saitin ƙirji.

KocinYara: Wani abu kuma: idan aka fara fitar da mai bugu a bes na ɗaya, dole ta faɗi. Sai an taɓa mai gudun da ƙwallo a hannu.