Amfilifayata na zafi a FT8, sensa zan sa ko wat zan rage?

Sabon_Shiga: Salam 'yan uwa. Na haɗa ƙaramar amfilifaya (mai ƙara ƙarfin siginar rediyon da nake aikawa) da transista IRF510 guda biyu, a SSB (aika murya) lafiya lau take, amma da na koma FT8 (aika saƙo ta kwamfuta) minti goma kawai ƙarfen da ke shan zafin ya fi ƙarfin hannu. Ina da sensan zafi DS18B20 da Arduino (ƙaramin allon kwamfuta) a ajiye, in liƙa sensan a ina kuma a digiri nawa zan sa ya yanke? Ko dai in rage wat kawai in huta?

Mai_Eriya: Ka sayi bindigar auna zafi ta infrared, araha ce, ka haska ka gani.

Injiniya: A'a malam, alminiyo mai sheƙi yaudarar bindigar nan yake, sai ta nuna maka ƙasa da gaskiya, sai dai ka manna baƙin tef ka auna kansa. Kuma ai ya ce yana da sensa.

Dattijo: Yaro bari in ba ka labarina. Ni ma haka na raina abin, fanka na juyawa na ce ai shikenan, ashe ruwa ya shiga kebul ɗin eriya SWR (ma'aunin ƙarfin da ke dawowa daga eriya) ya haura ban sani ba, ina ta aikawa cikin dare sai na ji ƙauri, kafin in kai hannu transista biyu sun tafi. Na kai wa wani mai gyara amfilifayar ya riƙe ta wata huɗu, ya sa wasu, ko sati ba su yi ba suka sake ƙonewa, da na kwance na tarar ko man da ake shafawa tsakanin transista da ƙarfen bai sa ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake wallahi.

Injiniya: Allah ya mayar da alheri Baba. Sabon_Shiga, FT8 duk zagaye daƙiƙa 15 ne, a zagayen da kake aikawa wajen 12 da rabi rediyo na kan cikakken ƙarfi babu sassauci, murya kuwa hawa da sauka take, shi ya sa. Ka sa sensan dab da transistan amma kada su taɓa juna, kunnen IRF510 haɗe yake da ƙafarsa ta drain, akwai wuta a jikinsa. Kuma cikin transistan kullum ya fi ƙarfen zafi sosai, ni a digiri 60 nake yankewa.

Mai_Eriya: 60 tsoro ne kawai, takardar bayanin IRF510 ta ce 175.

Injiniya: Wancan na cikinsa ne malam, ba na ƙarfen ba.

Mai_Eriya: Shekara 20 ina kan iska ban taɓa sa sensa ba, ku karatu kawai kuke.

Ɗan_Morse: To ku bar masa ita haka ya riƙa guga da ita hhh

Dattijo: Ni fa yanzu na fi zargin transistocin da ya sa min jabu ne. Na goga wa ɗaya sinadari rubutun ya fita tas.

Mai_Eriya: Na intanet ai kyauta-kyauta suke.

Dattijo: Ina! Waɗancan masu arahar su ne matsalar.

Injiniya: Ni ma na taɓa fasa ɗaya, abin da ke ciki ko rabin girman na asali bai kai ba, kuma mai sayarwar ya daina amsa saƙo.

Sabon_Shiga: Na gode, amma na gwada sensan jiya, da zarar na fara aikawa lambar zafin sai ta haukace, ferrite (zoben da ke tare kutsen sigina) zan sa wa wayar ko me?

Dattijo: Injiniya kai a ina kake samun na asali yanzu?